Ranar da Malam Indararo Ya Sauke Takardar Yabonsa

Kullum da safe, kafin ya taɓa kofin shayinsa, mijin yayata sai ya fita tsakar gida ya ɗaga kai ya dubi sama. In ya ga sama garau, sai ya dawo ya zauna kamar kowane magidanci, ya karya, ya ɗauki jakarsa ya tafi ofis. In kuwa ya hango hadari, ko ɗan ƙanƙani ne, to shayin nan ya zama na ƙudaje. Zai zura takalman roba, ya cusa alli da ɗan littafi a aljihu, ya fizgi tsohuwar lemarsa mai karyayyen ƙarfe ɗaya, ya fice. Yaya ta biyo shi da kira har ƙofa: "Malam, ko burodin ka tafi da shi mana!" Shi kuwa tuni ya sha kwana.

Shekara talatin da biyar ya yi a haka. Kowa na gudun ruwa, shi yana gudun kada ruwan ya ɗauke bai isa ba. Za ka gan shi tsaye a gindin wani tsohon gini ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, lemar na hannunsa amma ba a kansa ba, littafin yake karewa da ita. Yana kallon ta inda ruwa ya sauko daga rufi, ina ya bi, ina ya taru, ina ya ɓace. Daga nan magina suka laƙa masa Malam Indararo, sunan kuwa ya bi shi har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Ga wanda bai san shi ba, mai zanen gini ne a sashen kula da tsofaffin gine-gine na ma'aikatar ayyuka. Duk wani ginin jama'a da ya girmi iyayenmu a yankin nan, tashar jirgin ƙasa ce, gidan waya ne, kotu ce, ko makarantun nan masu dogayen baranda, a hannunsa yake. Abokan karatunsa sun zana manyan otal da bankuna masu gilashi, hotunansu na fitowa a jarida. Shi bai taɓa zana sabon gini ba in ban da ɗakin girkin Yaya, shi ma har yau tana mitar tagar ta yi sama da yawa.

Ni ƙanwar matarsa ce. Na yi shekara shida a gidansu ina karatu, ni nake shanya takalman robar nan, saboda haka ina da ikon tsokanarsa, kuma ban taɓa yin sakaci da wannan iko ba. Watan jiya ya ajiye aiki. Da na ce masa zan rubuta wani abu a kansa sai ya ce, "Ke dai ki rufa min asiri." Na ce to. Ga shi kuna karantawa.

Tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ya ba ni labarin hasumiyar agogonsu. Wata shekara bangonta ya yi baƙi, yaɓen ya fara zuba, aka ce ta gama yayi, a sauke ta kafin ta faɗo wa fasinjoji. Malam ya zo ya zagaya ta sau uku, ya yi tafiyarsa. Ba a sake ganinsa ba sai ranar da aka yi ruwa. Ya hau tsani a jiƙe sharkaf, ya zura hannu cikin indararon sama har kafaɗa, ya zaro sheƙar tattabaru, ya zaro wata, ya zaro wata, har bakwai.

"Wallahi ruwan da ya biyo hannunsa sai da ya wanke mu duka," in ji shugaban tashar. "Ya sauko yana dariya, ya ce min, 'Ranka ya daɗe, hasumiyarka lafiyarta lau, 'yan haya ne suka yi mata yawa.'" Agogon na nan yana bugawa har gobe, da lattinsa na minti huɗu da kowa ya saba da shi.

Shugaban magina, wanda ake kira Gajere, ya yi shekara ashirin da wani abu tare da shi. Da na tambaye shi halin Malam a wurin aiki sai ya kama haɓa ya ce, "Anti, mutumin nan ɗanɗana gini yake yi." Na ɗauka wasa ne. Ashe da gaske yakan kankaro ƙasar da ke tsakanin bulo da bulo, ya murza a yatsa, ya ɗora a harshe, ya faɗa maka abin da magabata suka haɗa. Gajere ya ce sun taɓa zuwa gari uku neman yashin da launinsa ya yi daidai da na bangon kotu, har direban ya yi fushi ya daina yi musu magana.

Abin da Malam ya tsana a duniya shi ne siminti a jikin tsohon bango. Gine-ginen nan da jan bulo aka yi su, aka haɗa da farar ƙasa da yashi. Irin wannan bango yakan sha ruwa da damina, ya fitar da shi in rana ta fito. In ka yaɓe shi da siminti, duk ruwan da ya samu shiga ba shi da ƙofar fita, sai ya zauna a ciki yana cin bulo. Malam kan ce wa 'yan kwangila, "Kun taɓa ganin an sa wa dattijo rigar leda ana zafi? To abin da kuke shirin yi ke nan." Wasunsu sukan hango lemarsa daga nesa su lulluɓe buhunan da tabarma.

Kai ne, Malam, ka hana a toshe ƙananan tagogin saman asibitin farko, shi ya sa har yau majinyata ke samun iska in wuta ta ɗauke. Kai ne ka kwashe kwana uku a barandar makarantar 'yan mata kana lallashin kafinta ya gyara tsofaffin ƙyauren maimakon ya ƙona su. Ba wanda ya ɗauki hotonka, kai ma ba ka tsaya an ɗauka ba, hadari ya haɗo a wani wuri.

Amma akwai titi ɗaya a garin nan da Malam ba ya bi, kuma na daɗe da lura. Shi bai taɓa yarda ya koyi tuƙi ba, wai ba a kallon rufin gidaje ana tuƙi, don haka ni nake yawan ɗaukarsa a motata. Da mun doso titin ɗakin karatu na jama'a sai ya ce, "Bi ta baya, nan akwai cunkoso." Ko ranar hutu ce, ko kaza babu a titin, akwai cunkoso. Na taɓa ce masa ko wata tsohuwar budurwa ce a layin. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Abin ya ɗaure min kai, domin a falonsu akwai takardar yabo cikin firam, wadda ma'aikata ta ba shi yana shekararsa ta uku a aiki, kuma saboda gyaran wannan ɗakin karatun aka ba shi ita. Ita ce ta farko da ya samu. Yaya na goge ta duk Asabar, ba kuma baƙon da zai sha ruwa a gidan ya fita bai ji tarihinta ba.

Saura wata uku ya ajiye aiki, damina ta kankama, sai bangon gabas na ɗakin karatun ya tsage tun daga kusa da rufi har ƙasa. Littattafan da ke jingine da shi suka yi funfuna. Wani ɓangaren yaɓe ya ɓalle ya faɗo dab da kujerar wani dattijo mai zuwa karanta jarida. Aka rufe ɗakin. Ma'aikata ta turo Injiniya, wata mace mai tsare gida da sanin aikinta. Ta nemi zanen ginin a ofis aka ce fayil ɗin ya ɓata tun ƙaurar da aka yi shekarun baya. Ta auna, ta tona rami a gindin bangon, ta tarar da ƙasa jagab. Ta rubuta cewa ruwa na tasowa daga ƙarƙashi, tushen ginin ya lalace, gyara ba zai yi ba. Kwamiti ya sa ranar Litinin don a zauna a sa hannu a rushe shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A ɗakin nan na fara karanta littafin da ba malami ne ya tilasta min ba. Shi kaɗai ne wurin da ɗalibin da gidansu ba fili zai zauna ya yi karatun jarrabawa, shi ne kuma majalisar dattawan da 'ya'yansu suka hana su fita yawo. Na kira Malam na ce, "Kai da ka ceci hasumiyar tattabaru, wannan fa?" Sai ya kawar da zancen, ya yi min sallama.

A daidai lokacin kuma ma'aikata na shirya masa bikin sallama. Wani ya tsegunta wa Yaya cewa har an sassaƙa allon girmamawa, an rubuta: Shekara talatin da biyar babu tangarɗa. Yaya ta riga ta zaɓi inda za a buga ƙusarsa, gefen takardar yabon.

Ranar Asabar, saura kwana biyu a yi zaman, na je gidan da hantsi. Na tarar da Yaya riƙe da tsumma za ta goge takardar, Malam na tsaye a bayanta kamar wanda aka aiko da mugun labari.

"Hajiya, sauko min da ita," in ji shi.

"Me za ka yi da ita? Ban ma goge ba."

"Sauko da ita dai."

Ta miƙa masa. Ya kifa firam ɗin a kan tebur, ya sa wuƙar burodi ya ɓalle ƙananan ƙusoshin baya, ya ɗaga kwalin. A bayan takardar yabon akwai wata takarda a ninke, ta yi ja don tsufa. Ya warware ta a hankali. Zanen bangon gabas ne, da hannunsa.

"Ina ɗan shekara ashirin da takwas lokacin," ya ce, bai kalli ko ɗayanmu ba. "Kaina cike da zamani. Ginin nan indararo huɗu gare shi, dogaye, masu watsa ruwa nesa da bango. Na ga sun yi ƙauyanci. Na sa aka cire su, aka sassaƙa bango aka binne bututu biyu a ciki, ruwan rufi ya riƙa bi ta nan ya fita kwata. Sannan na yaɓe bangon da siminti sumul, aka yi fenti. Kowa ya ce ginin ya dawo yaro. Aka ba ni wannan."

"To sai me?" in ji Yaya.

"Bututun sun fashe a ciki, Hajiya. Ruwan da Injiniya ta gani a ƙasa daga sama yake zuwa. Tushen ginin ba abin da ya same shi. Ni na cuce shi."

Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun shekara goma bayan gyaran ya fara shan jinin jikinsa, da ya ga abin da siminti ya yi wa wani bango a wani gari. "Sau biyu na rubuta na ce a duba yaɓen ɗakin karatu. Ban faɗi abin da ke ciki ba, ban faɗi wanda ya yi ba. Takardun suka kwanta a tebur, ni kuma, Allah ya yafe min, na ji daɗin kwanciyarsu. Zanen nan na kasa yaga shi, na kasa kai shi ofis, shi ne na ɓoye shi nan."

Yaya ta nemi kujera ta zauna. Ta dubi tsumman hannunta, ta dubi firam ɗin. Na ɗauka kuka za ta yi.

"Wato Malam," ta ce, "shekara talatin da biyu ina goge laifinka duk Asabar?"

Ni na fara fashewa da dariya, shi ya biyo baya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo masa, kuma ba duka na dariyar ba ne. Da muka lafa Yaya ta ce, "In ka yi shiru fa?"

"Su rushe shi, su ba ni allona. Maginan da suka yi aikin duk sun watse, wasu sun rasu. Ba mai sani har abada."

"In ka yi magana?"

"'Yan kwangilar da na yi shekara ashirin ina yi wa faɗa a kan siminti za su yi shekara ashirin suna yi min dariya."

"To su yi mana, haƙoransu ne," in ji Yaya, ta miƙe. "Litinin ɗin wace riga za ka sa, in goge maka?"

Ni na kai shi ranar Litinin, firam ɗin na kan cinyarsa. Da muka doso titin ɗakin karatu na sa sigina zan bi ta baya kamar kullum, sai ya ce, "Miƙe kawai." Na ce, "Yau ba cunkoso?" Ya ce, "Ki yi tuƙinki." Ya kafe bangon nan da ido har muka wuce.

Na samu kujera a bayan ɗakin taron. Dogon tebur ne, fanka na ƙara a sama. Ga shugaban kwamiti, ga Injiniya da rahotonta, ga mai kula da ɗakin karatun, wata baiwar Allah da ta yi shekara ashirin a wurin, idanunta sun yi ja. Kusa da ni kuma 'yan kwangila biyu ne da suka zo jin yaushe za a fara rusau. Malam ya ajiye firam ɗin a tsakiyar tebur, ya shimfiɗa zanen a gefensa, ya faɗi abin da ya faɗa mana, bai rage ba, har da maganar takardun nan biyu.

Can ɗaya daga cikin 'yan kwangilar ya ce, "Malam, siminti? Kai?"

"Ni," in ji Malam. "Buhu-buhu."

Aka kwashe da dariya, har shugaban kwamiti ya cire tabarau yana share ido. Injiniya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta jawo zanen gabanta ta daɗe tana dubawa.

"Malam, ina ganin girmanka," ta ce, "amma ba zan janye rahotona saboda takarda mai shekara talatin ba. Mutane ne za su zauna a gindin bangon nan. Ka nuna min ruwan in gani da idona."

"Da kin ce wani abu ban da wannan, da na raina ki," in ji Malam. Shugaban kwamiti ya ba shi mako ɗaya.

To ku ji ikon Allah. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana bin ruwan sama, a makon da ya fi bukatarsa sai ruwa ya ɗauke ƙaf, a tsakiyar damina. Kwana shida sama garau. Malam ya riƙa fita tsakar gida duk bayan sa'a guda yana ɗaga kai, har wuyansa ya ƙage. Ranar ta shida Yaya na ɗaurayar fararen rigunansa a baho, ta zuba bula, ruwan ya yi shuɗi. Ta gaji da zaryarsa ta ce, "Wai dole sai na sama? Na famfo ba ruwa ba ne?" Malam ya tsaya cak. Ya dubi Yaya, ya dubi bahon, ya ce, "Hajiya, bular nan nawa ta rage?"

Washegari da safe titin ɗakin karatu ya ga cunkoso na gaskiya. Mai kula da ɗakin ta bi gida-gida ta faɗa. Dattawan jarida suka zo da bokitai, ɗalibai suka zo, telolin tsallaken titi suka rufe shaguna, matan maƙwabta suka fito da robobin wanki. Aka ja layi tun daga famfon maƙwabta har gindin tsani. Yaya ta ɗaure gyale a ƙugu ta tsaya a tsakiya, duk bokitin da ya zo sai ta barbaɗa bula ta juya da sanda, tana yi wa masu zubarwa faɗa. Gajere na kan rufi yana karɓa yana juyewa a bakin ramin da ruwan rufi ke shiga.

Malam ya auna daga gefen taga kamar yadda zanen ya nuna, ya zana alama da alli daidai ƙirjinsa. Wani magini ya sa kurfi da guduma ya fara sara. Siminti ya ɓalle, bulo ya bayyana, ya ci gaba da sara har hannunsa ya shige. Babu bututu, babu ruwa.

'Yan kwangilar nan suka fara tari irin na gulma. Malam ya sake duban takardar da ke hannunsa. Layin bokitai ya tsaya.

Injiniya ta matso ta karɓi zanen. Ta dubi takarda, ta dubi bango, ta sake duban takarda. "Malam, tagar nan an rage mata faɗi bayan aikinka," ta ce. "Duba, a nan ta fi haka." Ta zare allin daga hannunsa, ta auna da kanta, ta matsar da alamar taƙi biyu zuwa dama. Ta ɗaga murya ta ce wa Gajere, "Ku ci gaba da zubawa!"

Sara na huɗu ne ko na biyar, ban riƙe ba. Ruwa shuɗi ya yi tsartuwa daga cikin bango ya wanke wa Injiniya takalmi, sannan ya ɓalle yana kwarara kamar an buɗe famfo. Titin ya kaure da ihu da tafi. Dattijon nan da yaɓe ya kusa faɗo wa ya yar da bokiti ya kama rawa, jikarsa na jan rigarsa tana cewa, "Kaka, ƙafarka!" Mai kula da ɗakin karatun ta rungume Yaya, su biyun suka yi shuɗi. Injiniya ta naɗe hannun riga ta zura hannu cikin ramin, ta lalubo bututun, ta ce a tsage yake kamar an sa masa gatari. A karon farko na ga haƙoranta. "Zan sake rahoton," ta ce. Malam kuwa ya zauna a kan wani kifaffen bokiti ya rufe fuska da hannu biyu.

Injiniya ba ta tsaya nan ba, sai da ta yi mako guda tana gwada tushen ginin, ta tabbatar da ƙarfinsa, sannan ta sa hannu. Sauran kwanakin aikin Malam duk a gindin bangon nan ya ƙare su. Da ƙananan guduma aka ɓamɓare simintin, a hankali, don kada a ji wa bulo ciwo. Waɗanda suka ruɓe aka zare su ɗaya bayan ɗaya aka maye da irinsu. Mai kula da ɗakin ta tono wani tsohon hoto a cikin akwati, da shi maƙeri ya ƙera indararo huɗu irin na da. An buɗe ɗakin yanzu. Bangon gabas na nan tsirara yana shan iska, sai ya bushe da rani za a yi masa yaɓen farar ƙasa, Injiniya ce za ta ƙarasa.

Amma Malam bai bari an cire simintin duka ba. Ya sa an bar wani yanki kamar faɗin faranti a ƙarƙashin baranda, da tabon bularsa. A gefensa ya rataye takardar yabon nan, ya rubuta a ƙasa da hannunsa: "Aikina ne. An yaba min, kuma kuskure ne. In za ku taɓa tsohon bango, ku zo ku ga wannan tukuna." Na ji malaman kwalejin fasaha sun fara kawo ɗalibansu wurin.

Ranar bikin sallama Yaya ta riga ta haƙura da allon. Ta ce min a mota, "Ai ba za su ba shi mai ƙarya a jiki ba." Shugaban kwamiti ya miƙe, ya ce tsohon allon ya koma wurin mai sassaƙa bisa shawarar Injiniya da Gajere. Ya ɗaga sabon ya karanta: "Shekara talatin da biyar, tangarɗa ɗaya, shi ya tona ta da kansa." 'Yan kwangilar nan biyu su suka fara miƙewa tsaye. Yaya ta rataye shi a tsohuwar ƙusar, ta ce wannan kam za ta goge shi da zuciya ɗaya, amma sai da ta leƙa bayansa tukuna.

Malam, mai tarbar hadari, mun gode. Mun gode da hasumiya da tagogi da ƙyaure, da duk bangon da muke jingina da shi ba mu san kai ka hana shi faɗuwa ba. Ni dai na fi gode maka da safiyar Litinin ɗin nan, domin na ga yadda firam ɗin ya yi maka nauyi a cinya, kuma ba ka ce in juya ba. Ka yi latti, kai ma ka faɗa da bakinka, littattafan da suka ruɓe ba za su dawo ba. Amma ka iso kafin motar rusau. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya ƙara wa Yaya haƙuri da kai.

Ku kuma masu karatu, likita ne kai ko tela, malama ce ke ko ma'aikaciyar ofis, da wuya a ce ba mu da wata takarda a ninke a bayan wani firam, da wani titi da muke cewa akwai cunkoso. Ku ɗauko ta tun ginin na tsaye. Za a yi muku dariya, na gani da idona, kuma na ga masu dariyar sun miƙe tsaye daga baya.

Alhamis ɗin da ta wuce aka yi ruwa, ina jin na ƙarshen damina ne. Yaya ta kira ni ta ce, "Mutumin naki ya fice. Ga shayi nan ya bari." Ban tambayi ina ya nufa ba, na ɗauki mota. Na same shi a tsallaken titin ɗakin karatu da takalman robarsa, lemar a kansa wannan karon, tunda ba littafin da zai kare. Indararo huɗun nan na watsa ruwa can nesa da bango, dattawan jarida na ɗaga masa hannu ta taga. Na tsaya a gabansa na sauke gilashi.

"Malam, in kai ka gida ne? Ko mu bi ta baya, akwai cunkoso?"

Bai ko kalle ni ba. "Ki matsa da motar nan," ya ce, "kin tare min na huɗun."